Ra'ayinmu: Shin Motar Gudu Tana Riƙe Kuɗin Mai Ita?

A watan Mayun 2022 kamfanin Mercedes-Benz ya sayar da wata tsohuwar motarsa ƙirar 1955, mai suna 300 SLR Uhlenhaut, a kan Yuro miliyan 135. Guda biyu kacal aka taɓa ƙerawa irinta. Shekara huɗu kafin nan, a gwanjon Monterey da ke jihar California, wata Ferrari 250 GTO ta tashi a kan Dala miliyan 48.4. Irin waɗannan labarai su ne suke yawo a wayoyin matasa masu hali, su ne kuma suka ba dillalai bakin magana daga Dubai har Abuja. Da mai saye ya tsaya yana shafa motar gudu ta hannu, sai ka ji an ce masa: “Alhaji, ai wannan ba ta faɗuwa, ajiya ce.” Mun ga ya dace mu auna wannan magana, domin kuɗin da ake zubawa a kanta ba ƙanana ba ne.

Dillalan ba ƙarya zalla suke yi ba. Wani kamfanin Amurka mai suna iSeeCars, wanda yake bin diddigin cinikin motocin hannu, ya fitar da lissafi a 2023 da ya nuna Porsche 911 ta rasa ƙasa da kashi 10 cikin ɗari na kuɗinta a shekara biyar, alhali matsakaicin abin da motoci suka rasa ya kai kusan kashi 39. Ko Toyota Tacoma, wadda ta yi suna wajen riƙe daraja, ba ta kamo ta ba. Motocin Japan na shekarun 1990, irin su Toyota Supra da Nissan Skyline GT-R, yau ana sayensu fiye da kuɗinsu na sabbi, saboda yaran da suka taso suna ganinsu a finafinai da wasannin kwamfuta sun girma sun yi kuɗi. Dokar Amurka da ta buɗe ƙofar shigar da motar waje idan ta cika shekara 25 ta ƙara wa Skyline masu nema.

Sai dai a cikin wannan lissafi na iSeeCars ɗin akwai Maserati Quattroporte, wadda ta rasa sama da kashi 60 cikin ɗari a shekara biyar ɗin. Ita ma 'yar Italiya ce kamar Ferrari, ita ma tana da ƙarfi da ƙugi mai daɗin ji. Ke nan ba gudu ne yake riƙe daraja ba. Abin da yake riƙe ta shi ne ƙarancin motar da yawan masu son ta, kuma ƙarancin nan a hannun kamfani yake, ba a hannun mai mota ba.

Labarin Porsche 911 R ya isa misali. A 2016 kamfanin ya fitar da ita, guda 991 kacal, da giyar hannu, a lokacin da ya daina sa wa 'yar uwarta GT3 irin wannan giya. Kuɗinta a kanti wajen Dala 185,000 ne, amma kafin shekara ta zagayo waɗanda suka samu suna neman ninkin wannan sau uku, sau huɗu, har fiye. Mutane da dama suka saya ba don su hau ba, suka lulluɓe a gareji suna jiran kasuwa. Abin bai yi wa kamfanin daɗi ba. A 2017 ya fito da GT3 Touring, mai giyar hannu, mai kama da ita a zubi da ɗabi'a, a kuɗin da bai kai nata ba, kuma ba a ƙayyade yawanta ba. Nan take farashin 911 R ya sauko. Wanda ya saya a ƙololuwar kasuwa bai yi kuskuren tuƙi ba, bai bari an goge masa fenti ba. Shawara ɗaya da aka yanke a hedikwatar kamfanin da ke Stuttgart ce ta kwashe masa dubban ɗaruruwan daloli. Darajar motar ta sake farfaɗowa daga baya, amma wanda buƙata ta tilasta wa sayarwa a tsakani bai ci moriyar hakan ba.

Su kansu motocin da ake cin riba da su, ba kowa ake sayar wa ba. Ferrari takan ware motocinta na musamman ga tsofaffin abokan cinikinta da suka riga suka sayi da yawa. Ford ta zaɓi waɗanda za ta sayar wa GT ta 2017 da kanta, ta kuma sa suka sa hannu cewa ba za su sayar ba sai bayan wata 24. Da ɗan kokawar nan John Cena ya sayar da tasa kafin lokaci, kotu kamfanin ya kai shi, aka sasanta a 2018. Ribar tana wurin wanda ya samu mota a farashin kanti. Mai saye na biyu da na uku, wato inda yawancinmu za mu tsaya, shi ne yake biyan wannan riba.

An taɓa ganin irin wannan zazzaɓi. Bayan rasuwar Enzo Ferrari, wanda ya kafa kamfanin Ferrari, a watan Agustan 1988, farashin motocinsa ya haukace, ana sayen F40 ninki-ninki. Jaguar ta nuna XJ220 a wannan shekarar, mutane suka yi ta ajiye kafin alƙalami na Fam 50,000. Kafin motar ta fito a 1992 tattalin arziki ya karye, injin da aka nuna mai silinda 12 ya koma mai 6, kuɗinta ya kai Fam 470,000, masu oda suka yi ta neman hanyar zamewa. Ba a ƙera ko 300 ba, duk da haka wasu suka daɗe babu mai saye. A 2021 da 2022 ma, da ƙarancin na'urorin lantarki ya tsayar da masana'antu, motocin hannu sun yi tashin gwauron zabo. Da kuɗin ruwa ya hau a Amurka da Turai, sai kasuwar ta lafa.

Abin da ya fi damunmu shi ne wanda ba a rubuta shi a jikin farashi. Motar da aka saya sabuwa Dala 100,000, ko ta faɗo zuwa 30,000, kayan gyaranta ba su faɗo tare da ita ba. Birkinta, tayoyinta, kulocinta da baƙin manta duk na motar Dala 100,000 ne. Wannan ne ma ainihin dalilin faɗuwar: da garanti ya ƙare, masu saye sukan cire kuɗin gyaran da suke hange daga abin da za su taya. BMW M5 mai silinda 10 da aka yi tsakanin 2005 da 2010 ta yi araha ne saboda makanikai sun san matsalar metal ɗin injinta da ta giyarta. Porsche 911 ta ƙarshen shekarun 1990 ta daɗe a ƙasa saboda wani boris a cikin inji da kan watse ya tafi da injin baki ɗaya, har aka yi shari'ar taron dangi a kansa a Amurka. Ferrari F355 kuwa, bisa ƙa'ida sai an sauke inji kafin a canja mata bel. Ko motar tana ajiye, taya na tsufa, roba na bushewa, inshora na ci.

A nan gida akwai ƙarin wani ruɗi, na naira. A ɗauka mutum ya sayi Mercedes-AMG ko Mustang a farkon 2023 a kan Dala 50,000, lokacin da dala take wajen N750 a kasuwar bayan fage: Naira miliyan 37.5 ke nan. Bayan an saki naira a watan Yunin shekarar, dala ta haura N1,500 a 2024. Idan darajar motar ta sauko zuwa Dala 35,000, zai sayar Naira miliyan 52.5, ya yi ta ba da labarin ya ci ribar miliyan 15. A gaskiya Dala 15,000 ya rasa, kuma zai gane hakan ranar da ya je sayen madadinta. Wannan lissafi ne ya sa mutane da yawa suke rantsuwa cewa mota ba ta faɗuwa a Najeriya.

Ga kuma yanayin da motar za ta rayu a ciki. Injunan nan an yi su ne don fetur mai daraja ta sama, mu kuwa a yawancin gidajen manmu fetur iri ɗaya ne. Cikin motocin kusa da ƙasa yake, ga ramuka, ga tudun rage gudu a kowace unguwa. Da yawa daga cikin waɗanda ake shigowa da su daga Amurka an sayo su ne a gwanjon motocin haɗari da na ambaliya, aka gyara, aka fesa fenti. A kasuwannin da ake riƙe daraja, abu na farko da ake tambaya shi ne takardun sabis da tarihin mota. Wadda aka taɓa rubuta wa haɗari ta fita daga sahun. Idan kuma ranar sayarwa ta zo, masu neman Corolla ko Hilux sun cika gari, masu neman mota mai ƙofa biyu da silinda 8 kuwa ana iya ƙirga su. Mai gaggawa dole ya karya.

Ba mu ga laifin wanda yake son motar gudu ba, muddin da halalinsa ya saya, kuma bai mai da titin jama'a filin tsere ba. Faɗuwar daraja ma alheri ce gare shi: wani ya riga ya ɗauki asara mafi nauyi a shekaru ukun farko, shi kuma ya samu motar a rabin kuɗi. Wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Idan ya shiga da wannan sani, babu wanda ya cuce shi.

Hukuncinmu dai shi ne maganar “ajiya ce” ba ta tsaya ba. Gaskiya ce ga motoci 'yan ƙalilan da ba kasafai suke isowa kasuwarmu ba, kuma ko su ribarsu tana rataye ne a kan shawarar kamfani da kuɗin ruwan bankunan waje. Kada kowa ya ci bashi, ko ya sayar da fili, ko ya taɓa jarin kasuwancinsa saboda ita. Wanda ya ƙudura saye ya yi lissafinsa da dala, ya ware kuɗin gyara na shekara kafin ya biya, ya kai motar wurin makanikin da shi ya zaɓa. Su kuma dillalai, muna kira ga ƙungiyoyinsu su wajabta ba mai saye lambar shasi mai harafi da lamba 17 tun kafin a fara ciniki, domin ya binciki tarihin motar a intanet ya ga ko ta taɓa haɗari ko nutsewa a ruwa. Dillalin da ya hana wannan lamba, a bar masa motarsa.