Shi ɗan ƙwaya, kai Alhaji

Hutun da ya wuce, da na komo Tawa daga Yamai, na iske fadarmu ta ragu da mutum guda. Na tambayi inda yake, sai wani ya ce, "Bar wancan, ɗan ƙwaya na." Anka ci gaba da zuba shayi. Ɗan kawuna ake nufi, wanda munka yi lakkwal tare har aji shida, shi ya tsaya, ni na wuce. Kalma guda ta isa ta ɗauke shi daga bisa tabarma. To ni da ake biya ma kuɗɗin karatu don in san yadda kalmomi ke aiki, dole in tsaya kan wagga kalma, don na lura ba kowa ake liƙa ma ita ba.

Kabu-kabu yake yi, kuma babur ɗin ba nashi ba ne. Tun sallar asuba har bayan lisha yana bisa hanya, ya fid da kuɗɗin mai babur, ya fid da na mai, abin da ya saura shi ne na hura da na mahaifiya tai. Ranar da wani abokin aiki ya fara miƙa mashi tramol, bai ce "ga ƙwaya" ba. Cewa ya yi "ga maganin gajiya". Da wanga suna ake saye, da shi ake sayarwa: a wurin masu dako a kasuwa, da masu aikin albasa a Galmi, da masu fasa dutse, da ƴan bidarmu da sunka tahi haƙar zinariya Jado tun 2014. Muddin mutum yana iya ɗaukar buhu, abin magani ne, ba wanda ke tanka mashi, har wanda ya sa shi aikin murna yake. Ranar da ya faɗi, ranar ce sunan ke sakewa.

Kuma faɗuwa ake yi ta gaske. Tramadol ɗin da likita ke rubutawa miligiram 50 ne ko 100, kuma ba a yarda babban mutum ya wuce 400 a yini ba. Wanda ke yawo a aljihun samari 225 ne, wani ma 250. Biyu kawai sun ƙetare iyaka. Idan ya yi yawa yana kawo jijjiga irin ta farfaɗiya. Sau biyu ɗan kawuna na faɗuwa haka, na biyun yana bisa babur. A gida anka ce iskoki ne, anka yi hayaƙi, anka sha rubutu. Da gaskiya ta fito, sai anka daina hayaƙin anka koma zagi. Ya gwada bari, jiki ya ɗauki ciwo da zufa da rashin kwana, ya koma. Tsakanin "aljannu" da "ɗan iska" babu wanda ya tuna da kalmar "marar lafiya".

Yanzu mu bi ƙwayar da baya, mu ga wa ke can. Ba a yin ta a Adar, ba a yin ta ko'ina cikin Nijar. Mafi yawanta daga Indiya take fitowa cikin kwantena, ta sauka Lome ko Kutunu ko Legas, ta hau mota. Wadda ke iso mu sau da yawa ta Sakkwato take biyowa, ta Illela, ta Ƙwanni, ta kama hanyar Tawa. A nan a sauke kaɗan, saura ya wuce Abalak da Agadas, ya nufi Libiya. A watan Afrilu na 2018 Indiya ta tsaurara doka kan fitar da tramadol. Mi ya faru? Masu yi sunka sake haɗi, sunka gama tapentadol da carisoprodol, sunka sa mashi sunaye kamar Tafrodol. Sai a Fabrairun 2025, bayan binciken da BBC ta yi, Indiya ta hana wanga haɗin. A bakin titi kuwa duk tramol ake ce masu. Yaro na biyan kuɗɗinai bai san ma an sake mashi guba ba.

Duk wanga ƙaramin kaya ne idan anka gwada shi da wanda ke ratsa ƙasar ba ya tsayawa. A watan Maris na 2021 an kama tan 17 na hashish, wato danƙon tabar wiwi, a wani sito cikin Yamai. Daga Labanan ya taso, ya biyo ta Lome, Libiya zai je. A farkon Janairun 2022 an kama kilo 214 na hodar iblis arewacin Agadas, cikin motar magajin garin Fashi. Ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya ce hodar iblis da ake kamawa a Sahel ta tashi daga kamar kilo 13 a shekara tsakanin 2015 da 2020, ta kai kilo 1,466 a 2022. Ku gaya mani, wane ɗan kabu-kabu ne ke da sito? Wane mai dako ne ke da motar da ake sara ma a shinge? Wanda ke da su ba a ce mashi ɗan ƙwaya. Ɗan kasuwa ne, mai motoci ne, Alhaji ne. In ya shigo wurin biki tashi ake yi, in ya ba da gudummawar masallaci ba a tambayar mafarin kuɗɗin. Mu da kanmu, ɗalibai, in muna neman mai taimaka ma wasan ƙwallon hutu, ƙofarsa muke bugawa.

Bari in ratse kaɗan. Da an ambaci hanyoyin arewa, wajen Tasara da iyakar Mali, sai ka ji mutumin Tawa ya ce, "Ai Buzaye da Larabawa na." Wannan ma liƙin suna ne, irin na fadarmu. Makiyayin da ke neman ruwa a Azawak bai fi ɗan kawuna cin ribar hashish ba, shi dai ya samu bindigogin da ke rakiyar kayan a ƙofar tantinsa. Tramol ɗin da ke kada yaranmu kuwa ta kudu yake shigowa, kuma da Hausa ake cinikinsa.

Sai maganar iyaka, inda abin ya fi ba ni haushi. Najeriya ta rufe iyakarta daga Agusta 2019 har Disamba 2020. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 an sake rufewa har Maris 2024. Kowa ya san abin da munka gani: abinci ya yi tsada, wuta ta ɗauke, albasa ta rasa hanya, masu ciwon suga sunka sha wuyar samun magani a farmasi. Amma ban ji ɗan kabu-kabu ko guda da ya ce ya nemi tramol ya rasa ba. Shinge yana tsaida tirela ne a bakin kwalta. Kayan da ke shiga cikin buhun gero a bayan babur, ta hanyar gona, bai san an rufe komi ba, sai dai ya samu hujjar ƙara kuɗɗi.

Muna da OCRTIS, Najeriya na da NDLEA, kuma ba zan hana su yabonsu ba, don OCRTIS ce ta kama abin da na lissafa. Amma ku duba yadda abin yake. Mai kaya a Illela da mai karɓa a Ƙwanni harshensu ɗaya, wataƙila ma surukai ne, waya guda ta ishe su. Ma'aikatan da ke bin su, wannan na rubuta rahoto da Faransanci ya aika Yamai, wancan na rubutawa da Ingilishi ya aika Abuja, alhali kilomita kaɗan ne tsakaninsu. Mun fita CEDEAO a Janairun 2025, kuma kowa na da ra'ayinai kan wannan, ba shi nake tadawa ba. Abin da nake cewa, tashoshin jirgin ruwan da ƙwayar ke sauka babu ko guda cikin ƙasashen AES. Ko muna shiri da gwamnatocinsu ko ba mu yi, wanda ke son tsaida tramol a Tawa sai ya yi magana da Sakkwato da Lome.

Na san abin da wasunku za su ce: mai sha ma ba waliyyi ba ne, su ne ke fizgen waya, su ne ke kaɗe mutane da babur. Gaskiya ne, kuma wanda ya yi sata a hukunta shi da sunan ɓarawo. Amma kowace ranar 26 ga Yuni ana tara kayan da anka kama a cinna masu wuta, a yi jawabi kan lalacewar matasa, a watse. Labarin kamun manya muna jin shi a rediyo, labarin hukuncinsu kuwa sai wanda ya bi diddigi. Yaron da anka kama da ƙwaya goma shi ne ke shiga kaso, ya fito da ciwonsa yadda ya shiga da shi, ga sabon suna bisa tsohon.

Kafin in koma Yamai na tahi gidansu. Mai babur ya amshe abinsa. Na iske shi zaune a zaure ya rame, yana lissafin kuɗɗin mota zuwa Agadas, wai daga can ya wuce wurin zinariya. Na ce mashi ya dakata har ya samu sauƙi. Ya yi dariya ya ce, "Ɗan lakkwal ke nan. Can hwa, wa ka iya shiga rami ba da ita ba?" Sannan ya tambaye ni ko har yanzu nan ƙofar gidan ake zaman fada.