Na'ura Ba Ta San Hanyar Madagali Ba

A majalisun Luggere da teburan masu shayi na Jimeta, magana ɗaya ake ta nanatawa: wai da gwamnati za ta sayo motocin yaƙi marasa direba irin na Yukren, su riƙa kutsawa daji leƙen asiri, da tuni an gama da Boko Haram. Ana ganin bidiyon a waya, ƙaramar na'ura mai ƙafar tanka tana rarrafe da kyamara a ka, sai kowa ya ce magani ya samu. Ni dai ban yarda ba.

A ƙarshen Oktoban 2014 Mubi ta faɗa hannun 'yan ta'adda, har suka laƙa mata suna Madinatul Islam. Mutanen Mubi da Michika da Madagali suka kwararo Yola, gidajen 'yan uwa suka cika maƙil. A lokacin Birged ta 23 tana nan a barikin Gibson Jalo da kayan yaƙinta. Amma da aka tashi ƙwato Mubi a watan Nuwamba, mafarauta da 'yan banga ne suka shiga tare da soja, wasu da bindigar toka. Abin da suka kawo shi ne sanin daji: wane rafi ne ke riƙe ruwa da rani, sawun babur ɗin nan na jiya ne ko na shekaranjiya, wane baƙo ne ya sayi man fetur fiye da ƙima a kasuwar ƙauye. Da wannan sanin mafarauciya Aisha Bakari Gombi ta yi suna. Da ɗan gari akan ci gari.

Kyamara tana gani, amma ba ta san wanda take gani ba. A daren 3 ga Disamba 2023, jirgin soja marar matuƙi ya hango taro a Tudun Biri ta jihar Kaduna, aka saki bam, ashe masu Maulidi ne. Aƙalla mutum 85 suka rasu. Wanda ke zaune gaban allo a nesa, ta yaya zai bambance manomin Gulak mai fartanya a kafaɗa da ɗan leƙen asirin maƙiya? Sauko da kyamarar daga sama zuwa ƙasa ba zai ƙara mata wannan ilimin ba.

Su kansu masu ƙera na'urorin sun sha kunya. Rasha ta gwada motar yaƙinta marar direba Uran-9 a Siriya, sai ya zama da ta yi nisan 'yan ɗaruruwan mita a cikin gine-gine, sadarwa ta yanke tsakaninta da mai sarrafa ta. Sojojin Estoniya sun kai na'urar THeMIS garin Gao na Mali a 2019, aikinta mafi yawa dakon ruwa da kaya ne. A Yukren kuwa akwai fagen daga sananne, kowa ya san inda maƙiyi yake. Mu a nan maƙiyin yakan kwana a daji ya wayi gari a kasuwa. Sai a haɗa da duwatsun Mandara da ke tare siginar rediyo, da taɓon damina, da batirin da zai mutu a inda babu lantarki. In ta lalace a bakin Sambisa, wa zai je ya ɗauko ta, in ba sojan da aka ce za ta kare ba?

Ga kuma batun kuɗi. Ba mu manta da badaƙalar dala biliyan 2.1 na sayen makamai da aka tuhumi Sambo Dasuki a kai ba. Kayan da talaka bai san farashinsu ba sun fi daɗin kwangila.

Wuri ɗaya na yarda a kashe kuɗi kan na'ura: nakiyoyin da ake binnewa a hanya. Amurka ta yi amfani da na'urorin PackBot da TALON wajen kwance bama-bamai a Iraƙi da Afganistan, sun kuma ceci rayuka. A sayo irinsu, a koya wa injiniyoyin soja gyaransu a nan gida. Ragowar kuɗin a biya mafarauta alawus a kan kari, a ba su rediyon oba-oba da takalma, a kula da matan waɗanda suka mutu a daji, a kuma ɓoye sunan duk ɗan ƙauyen da ya kawo labari don kada a bi shi gida da dare.