Tsoho ya faɗi, baki ya rufe: ina za a nufa daga Dakoro?

Tun ranar 1 ga Satumba 2024 gwamnati ta rage rabin kuɗin ganin likita da gwaje-gwaje a asibitocinta. An ji sauƙi, ba musu. To amma gidan da uwa ko uba ya samu shanyewar ɓarin jiki, wadda likitoci ke kira AVC, har magana ta ɗauke, ragin bai kai ga babbar wahalarsu ba.

Mu fara da ranar farko. Baki ya karkace, hannu ya saki, magana ta sarƙe: wannan jijiyar jini ce ta toshe ko ta fashe cikin ƙwaƙwalwa, kuma mafi yawa tansiyo ce sila. A gidajenmu sai a ce iska ce, a kwana uku ana hayaƙi. Addu'a ba ta hana shiga mota ba, jama'a. A kai shi asibitin Dakoro nan take. In aka tura Maradi, tafiyar wajen kilomita 120, a tafi. Hoton sikana ne ke raba toshewa da fashewa, maganinsu kuwa ba ɗaya ba ne. Kada a ɗura mishi rubutu ko kunu kafin likita ya duba, don cutar kan taɓa haɗiya, abin ya zarce huhu.

Bayan sallama ne aikin yake. Masu kine suna motsa hannu da ƙafa, amma masu koya wa majinyaci magana, waɗanda ake kira ortofonis, sun yi ƙaranci ƙwarai a Nijar. A ganinmu dai, koyon maganar a tsakar gida za a yi shi, ko ba a yi ba.

Ga yawancin mutane, wurin magana yana ɓangaren hagu na ƙwaƙwalwa, shi ya sa wanda damarsa ta shanye ya fi rasa baki. Hankalinshi na nan. Kalmomin ne suka ɓace mishi. Kada a yi zancenshi a gabanshi kamar ba ya nan, kada a yi mishi tsawa, ba kurma ba ne. A kashe rediyo (e, har tamu), mutum ɗaya ya zauna da shi, tambaya gajera, a jira amsa ko da ta ɗauki minti guda. A nuna buta, a faɗi sunanta, ya maimaita. Sau da yawa wanda ya kasa kiran sunan ɗanshi sai ya kawo Fatiha ko ƙirga tiryan-tiryan, don abin da aka haddace yana da tashi hanyar; daga nan ake jawo sauran. Watanni uku zuwa shida na farko sun fi saurin sauƙi, kodayake ana ci gaba da samu bayan nan.

Ku ƴan uwa da ke Kano, Agadas, Libiya ko Abijan: kuɗin da kuke aikowa ya fara zuwa ga maganin tansiyo na kowane wata, don faɗuwa ta biyu ta fi muni, sannan ga wadda ta bar sana'arta ta zauna jinya. Ku riƙa kira ta bidiyo kullum ƙarfe guda, minti goma, ku bar tsohuwa ta yi ta laluben sunanku ba tare da kun ƙarasa mata ba.