Sorayen Wurno Suna Bukatar Awo Biyu a Shekara

Ranar 15 ga Afrilun 2019 gobara ta cinye rufin majami'ar Notre-Dame da ke Paris. Cikin abubuwan da masu gyara suka tarar a ajiye har da awon da masanin tarihin gine-gine Andrew Tallon ya yi wa ginin da na'urar leza, shekaru kafin wutar. Na'urar takan harba haske a jikin bango, ta lissafa nisan duk inda ya sauka, har ta tara miliyoyin ɗigo da ke fitar da siffar gini a kwamfuta, da kuskuren 'yan milimita kawai. An yi wa masallacin ƙasa na Jenne a Mali irin wannan awo.

Wurno ta cancanci a yi mata. Ribaɗi ne da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya kafa, a nan ya rasu a 1837, a nan hubbarensa yake. Tsofaffin sorayen da suka saura a can, da na Goronyo, suna zaune ne a kwarin Rima, inda ambaliyar 2010 ta nuna abin da ruwa kan yi wa tubali.

Sai dai bakan Bahaushe ba irin na Turai ba ne. Na Turai dutse ne ke danne dutse, idan zai gaza yakan tsage a fili. Namu kuwa ƙashinsa azara ce: magini kan kafa ta a bango, ya ɗora wata bisa wata tana leƙowa ciki, ya ɗaure da igiya, sannan ya lulluɓe da ƙasa. Cutar bakan gizo a ɓoye take. Indararo ya toshe, ruwa ya kwanta a rufi, danshi ya ratsa zuwa gindin azara, igiya ta ruɓe, gara ta samu hanya. Leza ba ta ganin ko ɗaya daga cikin waɗannan, fatar gini kaɗai take gani. Yaɓen da ake sabuntawa ma yana iya rufe tsagar da za ta tona asiri.

Saboda haka awo guda, irin wanda ake yi don a nuna hoto mai juyawa a taro, bai tsinana komai ba. Amfanin yana cikin maimaitawa: a auna a watan Mayu kafin ruwa ya sauka, a sake a Nuwamba, a ɗora wannan bisa wancan. Idan tsakiyar baka ta sauko da santimita ɗaya, ko bango ya buɗe waje, kwamfuta za ta nuna wurin. Daga nan aiki ya koma hannun magini, wanda zai ƙwanƙwasa ya saurara, ya san azarar da za a zare.

Ba sai an sayi na'ura ba, ana iya haya. Jami'ar Ahmadu Bello, mai ɗauke da sunan ɗan Raba, tana da sashen koyar da safiyo, kuma Hukumar Kula da Gidajen Tarihi ta Ƙasa tana da hurumin adana bayanan. Abin da ya rage shi ne Majalisar Sarkin Musulmi ta shimfiɗa sharaɗi: kada a rushe tsohon soro don a zuba siminti sai an auna shi, an kuma ajiye kwafi a Wurno, inda maginan garin za su iya dubawa.