Yanka Ke Tona Asirin Fim ɗin Tarihi

Mun gaji da ganin sarkin ƙarni na 19 a fim sanye da shadda mai sheƙi, da aikin kwamfuta a ƙirji, hannun rigarsa irin na kaftanin angon bana. Masu shirya fim sukan ce kuɗi ne babu. Ba mu yarda ba. Matsalar tana wajen yanka.

Tela yakan ɗauko samfurin da ya saba, mai lanƙwasa a kafaɗa da hammata, ya ɗora kan faffaɗan yadi ya bi da almakashi. Rigar kakanninmu kuwa ba haka aka yi ta ba. Sirara-sirara masaƙa ke fitar da saƙi da tsamiya, a jera su a haɗa da allura, sannan a zauna a yi aska takwas da hannu. Shi ya sa take da nauyi, take zama daram idan an naɗe ta a kafaɗa.

Gidan Makama na nan a Kano, tsofaffin maɗinka na nan a Zariya. A je a auna, a zana, a fitar da samfuri. Ko da yadi mai araha za a iya bin wannan tsari. Yaranmu daga fim suke sanin kamannin jiya, kada mu ɗinka musu ƙarya.