Kada mu goge tarihi da toka

Bayan rasuwar kakarmu a Dogon Dutsi, mun buɗe adakarta muka tarar da wata zabira ta fata a ƙarƙashin zannuwa. A ciki akwai tsofaffin kuɗi: manyan daloli biyu na azurfa, da aninai masu huda a tsakiya, an ɗaure su da roba. Duk sun yi baƙi ƙirin, wasu sun yi kore. Kafin in ankara ƙanwata ta ɗauko toka da lemun tsami ta dirje ɗaya daga cikin dalolin. Ta yi fari tas, amma ta cika da ƙarce, ƙananan rubutun da ke bakinta sun dushe. Har yau abin yana damuna, shi ya sa nake son mu tattauna, iyaye da malamai.

A Arewa, daga Matankari har Tibiri da Gecheme, gidaje da yawa na da irin wannan ajiya. Muna bakin iyaka da Najeriya, kuɗin Faransa da na Ingila duk sun bi ta hannun kakanninmu. Akwai dalar Mariya Tereza mai ɗauke da shekarar 1780, wadda mata suka riƙa ratayawa don ado. Akwai anini na Turawan Ingila da aka fara bugawa a 1907, mai rubutun Larabci a jikinsa. Akwai na farkon sefa, kuɗin da aka ƙirƙiro a 1945. Kowane ɗaya shaida ne da yaro zai riƙe a hannunsa.

Mutane suna cewa tsufa ne ke baƙanta kuɗi. A gaskiya mazubin da muke sa su ciki ya fi shekaru laifi. Azurfa ba ta shiri da farar wuta, kuma akwai ta a cikin roba da fatar da aka jeme da takardar jarida. A hankali take fita ta haɗu da azurfar, sai launi ya tashi daga ruwan ɗorawa zuwa shuɗi, ya ƙare a baƙi. Kuɗin da ke da jan ƙarfe kuwa, danshin damina da gishirin gumin hannu ne ke sa su kore. Leda mai taushi irin ta PVC ita ma tana fitar da wani maiƙo mai kore da ke cin ƙarfe. Gwangwani kuma idan ya yi tsatsa sai ya shafa musu.

Wani zai ce ai gogewa gyara ce. Ga kwano haka ne, ga tsohon kuɗi ɓarna ce. Duhun da azurfa ta yi siriri ne a sama, rubutu na nan lafiya a ƙarƙashinsa. Toka da yashi kuwa ƙarfen kansa suke kankarewa, abin da ya tafi ba ya dawowa. Masu tara tsofaffin kuɗi a duniya sun fi daraja wanda ya yi duhu da kansa a kan wanda aka dirje.

Shawarata ga iyaye ita ce a cire su daga zabira da leda, a kwance robar. A naɗe kowanne shi kaɗai cikin tsabtataccen ƙyallen auduga, a sa a busasshiyar kwalba mai murfi, nesa da randa da madafa. In za a ɗauka, a riƙe ta gefe. A kuma tambayi tsofaffi tun suna raye: kuɗin wa ne, sadaki ne ko na fatauci? A rubuta a ajiye. Kuma don Allah a yi tunani kafin a kai wa maƙeri ya narke.

Malamai kuma ga darasi biyu a abu guda. A sa tsohon zoben azurfa da dafaffen ƙwai da aka fasa a cikin kwalba, a rufe, washegari yara su ga yadda ya yi duhu. Daga nan a nuna musu anini, a tambaye su dalilin da ya sa har gobe muke kiran sefa biyar dala.

Dalar kaka ɗaya da ta tsira tana wurina, baƙa yadda na same ta. Haka zan miƙa ta ga 'ya'yana, in Allah ya yarda.