Maganin Olsa Da Mai Gadin Da Muke Sallama

Wannan makon za mu ɗan ajiye zancen salo da jigo, mu taɓa wani abu da ke cikin aljihunmu, yake kuma cikin littattafanmu: maganin olsa.

A nan Malisa, kamar sauran garuruwan ƙasar Gwandu, da wuya ka shiga gida ka rasa katin omeprazole ko kwalbar farin maganin nan mai kauri. Ƙirji ya yi zafi, olsa ce. An ci tuwo da yaji an kwanta ƙwannafi ya taso, olsa ce. Sai a aiki yaro kemis. Tsofaffinmu kuwa kanwa suke jiƙawa su sha. Da azumi abin ya fi yawa, wani daga sahur ɗin farko har ranar Sallah bai tsallake kwana ɗaya ba, kuma babu likitan da ya rubuta masa.

Abin da ba mu cika sani ba shi ne, ruwan tsamin nan na ciki da muke ta yaƙa, wanda likitoci ke kira asid, mai gadi ne. Yawancin ƙwayoyin cutar da muke haɗiya cikin ruwa da abinci a nan suke mutuwa kafin su isa hanji. Omeprazole yana rage fitar wannan ruwa, farin maganin da kanwa kuma suna kashe kaifinsa. Zafin ƙirji ya lafa, amma ƙofa ta zauna a buɗe.

Wannan sanin ya daɗe. A 1892 wani malamin lafiya Bajamushe, Max von Pettenkofer, yana jayayya da Robert Koch kan ko ƙwayar cuta kaɗai na iya kawo kwalara. Sai ya ɗauki ruwa mai ƙwayoyin ya shanye a gaban shaidu. Kafin nan sai da ya sha soda, 'yar uwar kanwarmu, don kada a ce asid ɗin cikinsa ne ya kashe su. Ya yi 'yan kwanaki yana gudawa, ya tsira. Shekaru kusan 80 bayan haka, an gwada da masu sa kai a Amurka: in da ruwa zalla aka sha, sai ƙwayoyin sun kai miliyan 100 ko fiye suke kayar da mutum, in an fara shan soda, dubu 10 zuwa miliyan ɗaya sun isa.

Mu dawo gida. A 2021 hukumar NCDC ta lissafa mutum sama da 100,000 da ake zaton sun kamu da kwalara a Najeriya, sama da 3,500 suka rasu, kuma Kebbi na cikin jihohin da abin ya shafa. Ruwanmu da damina mun san shi: rijiya a buɗe, ambaliya ta kwaso abin da ta kwaso. Mutum biyu su sha daga randa ɗaya, ɗaya ya wuce lafiya, ɗaya a kwashe shi ranga-ranga zuwa asibitin Gwandu ko Kalgo. Dalilai suna da yawa, amma ƙarancin asid na cikinsu, kuma mai ƙarancinsa in ya kamu ciwon ya fi yi masa tsanani. Ƙwayar taifot ma ta bakin nan take shiga. A 2012 hukumar magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi cewa dangin omeprazole suna da alaƙa da wata gudawa mai naci da ƙwayar C. difficile ke kawowa, wadda ta fi kama tsofaffi da masu shan maganin kashe ƙwayoyin cuta. Mu kuwa biyun muke haɗawa a leda ɗaya, da kafso da maganin olsa, don “a wanke ciki”.

Kada wani ya karanta wannan ya jefar da abin da likita ya rubuta masa. Mai gyambon ciki na gaske yana buƙatarsa, yana iya hana shi aman jini. Sau da yawa ma gyambon wata ƙwaya ce mai suna H. pylori ke kawo shi, ana gwaji a gane ta, a yi maganin kamar mako biyu a rabu da ita. Rigimarmu da shan shekara da shekaru ne ba gwaji.

To, ina laifinmu marubuta? Ku duba labaran da muke sakewa a waya. Da zarar saurayi ya juya wa jaruma baya, ta daina cin abinci, olsa ta tashi, sai ga kyakkyawan likita da fararen kaya ya zayyano sunayen magunguna har da yadda ake sha. Yarinya a Malisa ta karanta, ciwonta ya yi kama da na jaruma, ta kwafe sunan ta kai wa mai kemis. Mu da yawancinmu ko ƙofar makarantar koyon aikin lafiya ba mu taka ba, mun zama masu rubuta magani ga dubban mutane.

Shawararmu ita ce mu cire sunan magani da adadinsa daga bakin jarumanmu, mu bar likitan labari ya tura ta gwaji, ya tambaye ta wata nawa ta yi tana sha. In kuma dole sai mun koyar da wani abu, to ga wanda ba ya cutarwa: mai amai da gudawa a haɗa masa ƙunshin ORS ɗaya cikin lita ɗaya ta tsabtataccen ruwa, yana kurɓa ana hanyar asibiti, kuma da an isa a faɗa wa ma'aikaci cewa yana shan maganin olsa.